Hoton Tsuntsayen Daji Masu Launi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗauka da Tantancewa

Yawancin masu zuwa gandun daji giwa da zaki suke nema, tsuntsaye kuwa sai in sun gifta. Amma wanda ya riƙe kyamara yakan lura da wuri cewa giwa na iya ƙin fitowa yini guda, tsuntsu kuwa yana nan a kowace bishiya. Ga tambayoyin da masu fara wannan harka suka fi yi, tun daga zaɓen wuri har zuwa zama gaban kwamfuta a ware hoton kirki daga tarkace.

Dole ne sai na je Kenya ko Tanzaniya kafin in samu tsuntsaye masu kyan launi?

A'a. Gaskiya ne Masai Mara da Sarangeti suna da abin da ba mu da shi: ɗan'uwan tsanwaka mai ƙirji ruwan shunayya, wanda ya cika hotunan kamfanonin yawon buɗe ido, ba ya zuwa Afirka ta Yamma. Haka ma tarin tsuntsayen filamingo na tafkunan Nakuru da Bogoriya. Tsuntsayen can kuma sun saba da motoci, ba sa saurin tashi.

Sai dai tsanwakarmu, mai shuɗin jiki da dogayen gashin wutsiya biyu, ba ta da abin jin kunya a gaban ta Kenya, kuma tana zaune kan wayar lantarki a hanyoyin Arewa ba wanda ya kula ta. Gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962, an ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 350 a cikinsa. Dausayin Haɗeja da Nguru, musamman wajen Dagona, yana karɓar baƙin tsuntsayen ruwa daga Turai duk lokacin sanyi. A dajin Amurum kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, da wasu ƙananan tsuntsaye da masu sha'awa ke tasowa daga ƙasashen waje don su kaɗai. Akwai Zakuma a Chadi, da Waza a Kamaru, da gandun W a Nijar. Kafin ka nufi ko wanne, musamman biyun ƙarshe, ka binciki halin tsaro a lokacin.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a shekara?

Ya danganta da abin da kake so. Daga Nuwamba zuwa Maris baƙin tsuntsayen Turai suna nan, ciyawa ta bushe, ganye ya kaɗe, gani ya buɗe. Da rani ya tsananta, dabbobi da tsuntsayen Yankari sukan matso bakin kogin Gaji, sai nema ya yi sauƙi.

Amma launi na damina ne. Namijin mulufi ba ya sa jar rigarsa da baƙi sai lokacin aure, wato da damina. Da rani in ka gan shi ba za ka bambanta shi da sauran ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa ba. Zalaidu ma doguwar wutsiyarsa ta lokaci ce. Marai da damina yake saƙa, rawayarsa na ɗaukar ido. Matsalar ita ce hanyoyin cikin daji suna lalacewa, ganye kuma yana ɓoye komai. Ni a ganina ƙarshen damina zuwa farkon kaka ya fi, domin launin bai gama zubewa ba, ƙurar hunturu kuma ba ta sauko ba.

Wace irin kyamara nake buƙata? Waya ba za ta yi ba?

Waya za ta ɗauki gauraka ko burtu idan sun matso, domin manya ne. Sha-kauci ko asisi kuwa, ɗigo za ka samu a tsakiyar ganye. Jawowar da yawancin wayoyi ke yi ba jawowa ba ce ta gaske, faɗaɗa hoton kawai suke yi, shi ya sa gashin tsuntsu yake fitowa a cakuɗe.

Kuɗinka ya tafi kan lens, wato gilashin gaban kyamara mai jawo nesa kusa, kafin jikin kyamara. Milimita 400 shi ne mafi ƙarancin da zai rufa maka asiri. Sigma da Tamron suna da 150-600, Nikon na da 200-500, Sony na da 200-600, kuma waɗannan su ne abin hannun yawancin masu sha'awa. Kyamara mai ƙaramin sensa, wadda ake kira APS-C, tana matse filin gani da ninki 1.5, ko 1.6 a Canon, sai milimita 400 ya yi aikin 600 ko fiye. Ga mai ɗan ƙaramin ƙarfi akwai irin su Nikon P950, wadda lens ɗinta a haɗe yake kuma yana kaiwa kwatankwacin milimita 2000. Da rana tsaka tana abin mamaki. Da haske ya ragu sai rauninta ya bayyana, tsuntsu mai tashi kuwa yakan fi ƙarfinta.

Kada ka manta da madubin hangen nesa. Tsuntsun da ba ka gani ba, ba ka ɗauke shi.

Yaya zan saita kyamarar?

Abubuwa uku ne ke jan juna: saurin ƙiftawa, faɗin ƙofar haske, da ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara. Tsuntsun da ke zaune, 1/500 zuwa 1/1000 na daƙiƙa ya isa. Mai tashi yana son 1/2000 ko sama, ƙananan masu saurin fiffike ma har 1/3200. Ƙofar haske ka bar ta tsakanin f/5.6 da f/8. ISO kuwa ka bar kyamara ta zaɓa, ka sa mata iyaka.

Sababbin shiga suna tsoron ISO, suna riƙe shi a 100 ko 200 saboda kada hoto ya yi yashi-yashi, sai kyamara ta rage saurin ƙiftawa, tsuntsu ya fito dishi-dishi. Cinikin asara ke nan. Yashi-yashi yana gyaruwa a kwamfuta, manhajojin yanzu ma sun ƙware a kansa. Hoton da motsi ya ɓata ba shi da magani.

Ka sa fokas mai bin abu, wanda Nikon da Sony ke kira AF-C, Canon kuma ke kira Servo. In kyamararka na gane idon tsuntsu, kunna. In ba ta yi, ɗauki ɗigon fokas ɗaya ka ɗora a kan ido, domin in ka bar ta da zaɓinta reshen da ke gaba za ta kama. Sannan ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. Yana cin memori, amma shi ne zai cece ka a maganar launi da ke tafe.

Me ya sa launin da na gani da idona ba shi ne ya fito a hoto ba?

Nan ne gizo ke saƙar. Launin tsuntsu iri biyu ne. Ja da rawaya da ruwan goro yawanci sinadari ne a cikin gashin, mafi yawansa daga abinci tsuntsun ke samu. Shuɗi kuwa, da sheƙin nan na shaya, ba sinadari ba ne: ƙirar gashin ce ke sarrafa haske ta maido da wani sashe nasa. Shi ya sa shaya take kamar bugaggiyar shadda, wadda in ka juya ta ta wannan gefe ta yi walƙiya, ta wancan kuma ta dushe. Shayar da ke tsakaninka da rana baƙa ce wuluk. Ita ɗin dai, in rana na bayanka, sai ka ga kore da shuɗi da shunayya suna wasa a bayanta, ga idonta rawaya. Saboda haka ga irin waɗannan tsuntsaye, inda ka tsaya ya fi duk wani saiti muhimmanci. Ka duba inuwarka: in tana nuna wajen tsuntsun, kana daidai.

Ja matsalarsa daban. Kyamara tana rubuta launi ta hanyoyi uku, ja da kore da shuɗi, kuma hanyar ja takan cika ta tumbatsa kafin sauran. Hoton gaba ɗaya zai yi kamar haskensa daidai ne, amma ƙirjin mulufi ya zama jan dunƙule, babu ko silin gashi ɗaya da za ka iya gani. Rawayar marai ma haka take yi. Maganin shi ne ka rage haske da maɓallin +/- zuwa -0.3, ko -0.7, wani lokaci har -1, kuma ka riƙa duba jadawalin haske mai nuna launuka uku daban-daban. Jadawalin da ke nuna farin haske kaɗai yakan ɓoye wannan matsala. Balbela a rana ita ma ragewa take so. Tsuntsun da ke kan reshe sama na bayansa fari fat, shi kuwa ƙari yake so, +1 ko fiye, in ba haka ba inuwarsa kawai za ka kawo gida.

Sai lokaci. A yankinmu rana tana saurin hawa. Awa biyun farko bayan fitowarta da awa biyun ƙarshe kafin faɗuwarta su ne jarinka. Daga hantsi zuwa la'asar hasken daga sama yake dukan tsuntsu, ya ƙona bayansa, ya bar idonsa da cikinsa a duhu. Ga kuma rawar iska: in ƙasa ta ɗauki zafi, iskar da ke samanta tana kaɗawa, sai duk abin da ke nesa ya fito a narke ko da lens ɗin miliyoyi kake riƙe da shi. Mutane da yawa suna zargin kayan aikinsu alhali zafi ne. Hazon hunturu in kaɗan ne yana tausasa haske, ya yi daɗin aiki. In ya yi kauri sai ya shanye launi, komai ya koma ruwan toka.

Daga cikin mota fa, yaya ake yi?

Mota maɓoya ce mai kyau, tsuntsu ya fi yarda da ita fiye da mutum a tsaye. Ka ɗinka ƙaramar jaka ka cika ta da wake ko gero, ka ɗora a bakin taga, lens ya kwanta a kai. Ta fi sanda mai ƙafa uku amfani a mota. Ka roƙi direba ya kashe inji duk sanda kuka tsaya, saboda karkarwar inji tana shiga hoto. Tun kafin a tashi ka gaya wa shi da ɗan jagora cewa tsuntsaye ka zo nema, domin sabonsu shi ne su bi sawun giwa, kuma in an haɗa ka mota ɗaya da masu neman zaki, ba mai jira minti ashirin saboda kai.

Kada ka fita daga mota sai ɗan jagora ya yarda. A Yankari akwai ƙudan tsando, kuma shuɗi da baƙin tufafi suna jawo shi, don haka sa ruwan ƙasa ko ruwan toka. Kada ka canza lens a cikin ƙura. Harabar masauki ma kada ka raina ta: bishiyoyin da ke kewaye da ruwan ɗumi na Wikki, da sassafe kafin masu wanka su cika wurin, sukan ba da abin da tafiyar awa uku a mota ba ta bayar ba.

Wane tsuntsu ne ya fi dacewa da mai koyo?

Masu cin ƙudan zuma. Akwai mai jan maƙogwaro da koren baya, wanda ke haƙa ramuka a gaɓar rafi suna zama jama'a guda. Da ƙarshen damina suke haƙa, tun ƙasa na da laushi, sai cikin rani su yi ƙwai. Ɗabi'arsu ce ke taimakon mai kyamara: tsuntsun yakan zauna a reshe, ya tashi ya cafke ƙwaro, ya dawo reshen da ya bari. Ba sai ka bi shi a sama ba. Ka saita fokas a reshen ka jira. In ƙudan zuma ya kamo za ka ga yana buga shi a reshe, yana goga gindinsa don ya fitar da dafin kafin ya haɗiye, kuma wannan shi ne hoton da ya fi na zaman banza.

Babban ɗan'uwansa, mai jan jiki da kai shuɗi-kore, yana bin gobarar daji yana kama farin da wuta ta tayar, wani lokaci har ya hau bayan tuje ko akuya. Tsanwaka da shirwa ma suna zuwa wurin wuta.

Na dawo da hotuna dubbai. Ta ina zan fara tantancewa?

Kada ka fara a daren da ka dawo. Wahalar tafiya da daɗin abin da ka gani suna nan a ranka, za su sa ka ga kyan da babu shi a hoton. Bari a kwana biyu. Kuma a babban allo za ka duba, allon bayan kyamara da na waya duk maƙaryata ne.

Zagayen farko na ido ne. Faɗaɗa hoton zuwa kashi 100 ka dubi idon tsuntsu. In bai fito tar ba, share. Ko fiffike ya yi kyau, ko tsuntsun ba a cika ganin irinsa ba, share, sai fa in kana son ajiye shi a matsayin shaidar ganin nau'in, wanda wannan wata ma'ajiya ce daban. Ido mai ɗan ɗigon haske a ciki yana da rai. Wanda babu yakan zama baƙin rami.

Sannan juyin kai. Tsuntsun da ya ɗan karkato kansa wajenka ya fi wanda ya juya maka ƙeya, ko da da kaɗan ne. Cikin hotuna goma da ka ɗauka a jere, sau da yawa ɗaya ne ke da wannan.

Daga nan ka daina kallon tsuntsun, ka kalli abin da ke bayansa da gefensa. Reshe ya ratsa ta bayan kansa kamar ya tsiro daga ciki? Akwai farin tabo na sama da ke jan ido? Inuwar ganye ta raba fuskarsa biyu? Ka yanke wutsiya ko yatsu a bakin hoto? Ga tsanwaka da zalaidu wannan laifi ne babba, domin wutsiyar ita ce rabin kyansu. Bayan hoto yana narkewa ya yi laushi ne idan yana nesa da tsuntsun kai kuma kana kusa, kuma sau da yawa matsar da mota taku biyu ne ke raba hoto mai kyau da mai hayaniya. Ka kuma duba daga ina ka ɗauka. Wanda aka ɗauka daga ƙasa ana ɗaga kai, ciki da ƙasan wutsiya kawai yake nunawa. Daidai tsayin idon tsuntsu ake so.

Tambayar ƙarshe ita ce mafi zafi, kuma ita ce ta fi shafar tsuntsaye masu launi: in aka mai da hoton nan baƙi da fari, akwai sauran abin kallo? Gwada, daƙiƙa ɗaya ce a kwamfuta. Launi yana rufe aibi. Tsanwaka a kan wayar lantarki da tsakar rana, tana kallon wani gefe, za ta sa mutane su ce masha Allah, amma tsuntsun suke yabo, ba aikinka ba. Hoton kurciya mai ruwan ƙasa, a haske mai kyau, tana shan ruwa, na iya finsa nesa ba kusa ba.

Gyara a kwamfuta ha'inci ne?

Fayil ɗin RAW dole a gyara shi, a dushe yake fitowa. Daidaita haske, rage yashi-yashi, yanke gefe, duk aikin hoto ne. Wajen yanka ka bar fili a gaban tsuntsun, ta inda yake kallo, kada ka matse shi a tsakiya. Kada kuma ka yanka fiye da kima don ka mai da ɗigo ya cika allo.

Inda ake wuce gona da iri shi ne kaurin launi. Tsuntsun da Allah Ya riga Ya yi wa ado ba ya buƙatar ƙari, kuma alamar an zarce tana nan a ganye da sama: kore ya koma na fenti, shuɗi ya yi kauri fiye da yadda samanmu ke yi. Ƙara wa hoto kaifi fiye da kima shi ma yana barin farin zare a gefen baki da reshe. Cire reshe ko sauya sama kuwa, in don bangon ɗakinka ne ba mai hana ka, amma ka faɗa in ka nuna wa mutane. Manyan gasanni ba sa yarda. Gasar hoton namun daji ta Gidan Tarihin Halittu na Landan tana neman ainihin fayil daga waɗanda suka kai matakin ƙarshe, kuma a 2018 ta ƙwace kyautar wani hoto bayan masana sun yanke cewa dabbar da ke ciki matacciya ce da aka cusa wa kaya.

Wa zan nuna wa don ya gaya mini gaskiya?

Ba 'yan gidanku ba. Nemi wanda ya fi ka a ɗaukar hoto, da kuma wanda ya san tsuntsaye ko da bai taɓa riƙe kyamara ba, domin na biyun ne zai gaya maka launin nan ba haka yake a daji ba, ko tsuntsun nan a tsorace yake. Ka ba su hoto uku ko huɗu, ba hamsin ba. Ka haɗa da saitin da ka yi amfani da shi da lokacin ɗauka, ka yi tambaya takamaimai: jan nan ya ƙone? yankan ya matse? Kada ka fara da ba da uzuri. Mai kallo bai ga wahalar da ka sha ba, kuma ba ta cikin hoton.

In kai aka nuna wa, ka ambaci abin da ya yi daidai da dalilinsa, sannan aibi ɗaya mafi girma da yadda za a kauce masa a fita ta gaba. Cewa mutum ya sayi lens mai tsada ba shawara ba ce.

Yaya zan san sunan tsuntsun da na ɗauka?

Manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell tana gane da yawa daga hoto, kyauta, amma tana kuskure, musamman a kan mata da ƙanana. Ka rubuta wuri da kwanan wata. Ka tambayi ɗan jagora da mafarauta da masunta sunan gida, ka ajiye shi tare da na littafi, tunda sunan yakan bambanta daga gari zuwa gari. Abin da ka gani za ka iya shigar da shi eBird, shafin intanet da ke tara bayanan ganin tsuntsaye, ko shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar Jos ke jagoranta. A nan ne hoton nan mai dishi-dishi da ka ajiye don shaida yake da amfani.

Akwai abin da bai kamata in yi ba don neman hoto?

Kada ka matsa wa sheƙa. Iyayen da aka kora daga kan ƙwai a zafin Maris, minti kaɗan sun isa a yi ɓarna, hankaka kuma yana kallo. Kada ka sare reshen da ya rufe sheƙa don ka samu gani. Kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi yana sa namiji ya bar abincinsa da iyalinsa ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi, kuma wasu gandayen sun hana. Kada ka jefa dutse ko ka buga ƙofar mota don ya tashi. In tsuntsu ya daina abin da yake yi, ya miƙe wuya yana kallonka, ka matso da yawa, ja baya. Gauraka, tsuntsun da ake ɗauka alamar Najeriya, ta yi ƙaranci ƙwarai a dajinmu, kuma kama ta don sayarwa na cikin dalilai. In ka yi sa'ar ganin inda take sheƙa, kada ka bayyana wurin a jikin hoton.